Taɓin Hankali Da Ciwon Damuwa: Abin Da Sabon Bincike Ya Gano, Da Yadda Ya Shafe Mu A Zango

Shekara uku ke nan da ɗan baffana ya fara cewa akwai mutanen da ke bin sa. Sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa kafin Baba ya dawo da mu Agege gaba ɗaya. Aikinsa rakiyar shanu. A loda tirela a Potiskum ko Maigatari, shi da abokan aikinsa su hau sama, kwana biyu ko uku a hanya, duk dabbar da ta kwanta sai sun tayar da ita kada sauran su tattake ta. Wanda ya san aikin nan ya san babu barci a cikinsa, ya kuma san abin da yara ke haɗiya don ido ya tsaya.

Ya sauka a kara wata safiya, ya ƙi cin abinci, wai an zuba masa wani abu. Bayan kwana biyu ya fara amsa maganar da babu wanda ya yi masa. Nan take gida ya rabu biyu: wasu suka ce aljanun hanya ne, wasu suka ce sammu ne daga wani dillali da suka taɓa yin cacar baki da Baba. Babu wanda ya ambaci asibiti, har da ni. Wata bakwai ya yi a wurin wani mai magani da mari a ƙafarsa, kuma har yau tabon yana nan.

Tun daga lokacin nake bibiyar duk wani labari da ya shafi lafiyar ƙwaƙwalwa. Ni ba likita ba ne, karatuna sakandare ya tsaya, sauran a waya na yi shi da kuma tambayar ma'aikatan jinya a layin karɓar magani. Abin da na tattara ke nan, na kuma zaɓi wanda ya shafi rayuwarmu a nan Kudu.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da babban rahoto a 2022, inda ta ce kusan mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, wato wajen mutum miliyan 970 a lissafin 2019. Mafi yawansu ba su ne masu yawo tsirara a bola ba. Mafi yawa ciwon damuwa ne da fargaba, irin mutumin da ke fita kasuwa kullum, yana ciniki, yana sallah a jam'i, amma ya daina jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa, jiki ya mutu, yana ganin kansa ba shi da wani amfani. A shekarar farko ta korona kaɗai, hukumar ta ce waɗannan biyun sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari.

A Najeriya kuwa, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne zai nuna maka wane bincike ne zai amfane mu, wane ne kuma sai dai mu ji labari.

Maganar sinadarin ƙwaƙwalwa

Shekaru da yawa ana gaya wa mutane cewa ciwon damuwa yana zuwa ne saboda ƙarancin wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin, magani kuma yana cike giɓin ne, kamar a ƙara wa mota mai. A watan Yulin 2022 wata likita a Landan, Joanna Moncrieff, da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi na shekaru masu yawa, suka ce babu wata tsayayyar hujja da ta nuna ƙarancin sirotonin ne ke kawo ciwon. Labarin ya karaɗe duniya, wasu kuma suka ɗauke shi a karkace, suka ce ashe maganin ma ƙarya ne.

Ba haka ba ne. Tun a 2018 mujallar Lancet ta buga wani gagarumin nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 522 a kan mutum sama da 116,000, aka duba magungunan damuwa iri 21, aka tarar kowannensu ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta aiki. Bambancin ba mai girman gaske ba ne ga kowa, wani ya ji sauƙi sosai, wani kaɗan. Yadda na fahimci abin shi ne: farasitamol yana sauke ciwon kai, amma wannan bai nuna rashin farasitamol a jiki ne ya kawo ciwon kan ba. Masana yanzu sun fi karkata ga cewa abubuwa da yawa ne ke haɗuwa, akwai gado, akwai wahalar yarinta, akwai bashi da asara da kaɗaici da rashin barci da ƙwaya.

Abu biyu da ya kamata mai shan irin wannan magani ya sani. Ba ya aiki a kwana biyu, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi, sai a hankali tare da likita, in ba haka ba jiri da fargaba da rashin barci su dawo da ƙarfi.

Sabbin magunguna, na masu kuɗi

A taƙaice zan wuce nan. A 2019 Amurka ta amince da wani maganin feshi a hanci da aka samo daga ketamin, ga waɗanda sauran magungunan damuwa suka ƙi yi wa aiki. Ketamin ɗin nan shi ne wanda ake sumar da mutum da shi a ɗakin tiyata, likitocin dabbobi ma suna amfani da shi. A asibiti ake bayar da feshin ana lura da mutum, ba abin da wani zai je kemis ya gwada da kansa ba ne. A 2023 aka amince da wata ƙwaya ta kwana 14 ga mai jego da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa. A watan Satumban 2024 kuma aka amince da Cobenfy, maganin ciwon sikizofireniya, wato irin taɓin hankalin da mutum ke jin muryoyi yana zargin ana bin sa. Shi ne na farko cikin gomman shekaru da ya bi wata hanya dabam da ta tsofaffin magunguna. Lokacin da ya fito a 2024, kuɗinsa a can wajen dala 1,850 ne a wata. Ka lissafa da kanka shanu nawa ke nan a shekara.

Abin da ya fi faranta min rai ba a Amurka aka yi shi ba.

Bencin kakanni

A Harare ta ƙasar Zimbabuwe akwai wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, wanda ya ga cewa ƙasarsa ba za ta taɓa samun isassun likitoci irinsa ba. Sai ya ɗauko tsofaffin mata na unguwa, kakanni, ya koya musu yadda ake zama da mai damuwa a saurare shi, a taimaka masa ya jero matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya, ya nemo mafita da kansa, a dawo mako na gaba a ga inda aka kwana. Aka ajiye benci na katako a harabar ƙananan asibitoci. Zama shida ne. A yarensu na Shona ba su ma kiran ciwon da sunan Turanci, sunan da suke ba shi ma'anarsa yawan tunani. Mu ma ai haka muke faɗa, "tunani ya yi masa yawa".

Aka gwada abin a kan mutum 573 a asibitoci 24, aka buga sakamakon a 2016. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna a benci wajen kashi 14 cikin ɗari ne suka rage da alamun ciwon damuwa, cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuwa wajen rabi. Babu allura, babu dala.

Da na karanta wannan sai na tuna teburin mai shayi da dandalin bayan isha'i da tsofaffin da ke zama a ƙofar Sarkin Hausawa. Benci muna da shi. Abin da ba mu da shi shi ne irin sauraren. Idan matashi ya buɗe baki ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, kafin ya rufe an ce masa ya yi haƙuri, namiji ne shi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haƙuri gaskiya ne, addini ne. Amma kakannin Harare ba haƙuri suke bayarwa su tashi ba, tambaya suke yi: cikin damuwar nan wacce ce ta fi hana ka barci, me za ka iya yi a kanta kafin Juma'a mai zuwa? Wannan abu ne da ake koya, kuma an nuna wanda bai yi jami'a ba zai iya. A karkarar Pakistan ma an yi irinsa tun 2008, ma'aikatan lafiya mata na ƙauye suka riƙa zama da masu ciki da masu jego, ciwon damuwa ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da sauran.

Malam ko asibiti?

Wannan ita ce tambayar da ta raba gidanmu, kuma amsar da ta fi gamsar da ni a Badun aka samo ta. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani gwaji a Badun da Kumasi ta Gana, aka buga shi a Lancet a 2020. Sun san cewa mafi yawan masu taɓin hankali wurin masu maganin gargajiya da masu addu'a ake fara kai su, don haka ba su tsaya faɗa da wannan ba. Sai suka haɗa masu maganin da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ma'aikaci ya riƙa zuwa wurin mai magani a kai a kai, ya duba marar lafiya, ya ba shi maganin asibiti, mai addu'a kuma ya ci gaba da addu'arsa. Marasa lafiya 307 aka bi. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi sauran samun sauƙi sosai, sun fi komawa harkokinsu. Ɗaure mutane da mari ma ya ragu ƙwarai a wuraren da binciken ya shiga.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Yarbawa. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shi a Aro kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Ban ce kowa ya bar ruƙiyya ko tofi ba, ni ma ina yi. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama ai muna yi masa addu'a, muna kuma saya masa magani, babu wanda ya ce imaninmu ya ragu. Abin da na ƙi shi ne jira. Bincike da yawa sun nuna cewa idan taɓin hankali ya fara, gwargwadon daɗewar da aka yi ba a fara magani ba, gwargwadon wahalar warkewa. Watanni bakwai ɗin da muka ɓata ba a banza suka tafi ba, da wani abu nasa suka tafi. Malamin kirki zai ce maka ku je asibiti ku dawo mu ci gaba. Wanda ya ce kada a kuskura a kai shi asibiti, allura za ta fusata aljanun, ya kuma ɗauko sarƙa da bulala, ka ɗauke ɗan uwanka daga wurinsa.

Doka ma yanzu tana bayanka. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ta zamanin Turawa. Ta haramta ɗaure marar lafiya da sarƙa, ta ba shi haƙƙin a rufa masa asiri, ta hana a nuna masa wariya saboda ciwonsa. Aiwatarwa kam, Najeriya ce, sai a hankali.

Wiwi, taramol da barci

Nan ne abin ya fi shafar samarinmu na kara da abbatuwa da ƴan acaba da masu gadi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya, na 2018, ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 kuma irin su taramol da kodin. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton da BBC ta yi.

Da yawa suna cewa wiwi ganye ne, ba ya komai. A 2019 wani bincike da aka yi a biranen Turai da Birazil ya gano cewa mai shan ta kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, idan kuma mai ƙarfin ce, kusan sau biyar. A 2023 masana a Danmak suka duba bayanan lafiyar mutum kusan miliyan bakwai, suka ƙiyasta cewa a tsakanin maza masu shekara 21 zuwa 30, har kashi 30 cikin ɗari na masu sikizofireniya da wataƙila ba su kamu ba in ba don sun zama bayin wiwi ba. Ka duba shekarun nan da kyau. Mu ne. Kuma wiwin da ake sayarwa a Legas yanzu da sunaye kala-kala ba irin ta zamanin iyayenmu ba ce.

Taramol kuma, ban da kamun da yake yi, idan aka sha da yawa yana jawo farfaɗiya. Na ga yaro ya faɗi a tsakiyar kara yana shure-shure, aka ce iska ce, alhali kowa ya san abin da ke aljihunsa.

Sai barci, wanda muka raina. Da ana ɗauka rashin barci alama ce kawai ta ciwon. A 2017 masana na Jami'ar Oxford suka gwada ɗalibai 3,755 masu fama da rashin barci, aka koya wa rabinsu dabarun gyara barci ba tare da ƙwaya ba. Da barcinsu ya gyaru, sai zargin mutane da gane-gane da damuwa suka ragu. Wato rashin barcin da kansa yana cikin masu haddasa matsalar. Mai gadin da ya kwana a tsaye, ya wayi gari yana tura baro ko yana acaba don ya ƙara abin aikawa gida, ya sani ƙwaƙwalwarsa yake ci bashi. Iyayen gidanmu masu loda shanu kuma, in da hali a bar yaran da suka sauka su kwana biyu kafin a sake tura su Arewa.

An yi ta yayata wani nazari na 2024 da ya haɗa gwaje-gwaje 218, wanda ya nuna tafiya da sassarfa da ɗaga ƙarfe suna rage ciwon damuwa. Na yi dariya da na gani, don wanda ya wuni yana kokawa da bijimi ba motsa jiki ya rasa ba. Amma ga matanmu da ke wuni a ɗaki ɗaya a gidan haya, da dattawan da suka daina fita, maganar tana da amfani.

Zaman baƙunta

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan kaɗaici, saboda an gano yana da alaƙa da ciwon damuwa da ciwon zuciya da mutuwa da wuri. Binciken da aka yi a kan baƙin haure a Turai kuma ya daɗe yana nuna sun fi ƴan ƙasa haɗarin taɓin hankali, amma haɗarin yana raguwa idan mutum yana zaune a unguwar da danginsa suke da yawa. A Turai aka yi wannan, ba a Shagamu ba, amma duk wanda ya taɓa kwana a garin da ba ya jin yarensu, ana kallonsa a matsayin "aboki", ya san abin da ake nufi. Ashe zango da Sabo ba wurin kwana ba ne kawai. Wanda nake ji wa tsoro shi ne ɗan ci-ranin da ke kwana shi kaɗai a kangon da yake gadi a Lekki ko Ajah, matarsa da ƴaƴansa suna Jigawa, babu mai tambayarsa ya ya kwana.

Wani abu kuma da masana suka tabbatar: tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan abokinka ya fara cewa ya gaji da duniya, gara ya huta, yana rarraba kayansa, kada ka tsaya a "haram ne" ka wuce. Ka tambaye shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Ina za a je?

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Yaba ta Legas, da Aro a Abekuta, da Uselu a Benin, da Inugu, da Kalaba. Manyan asibitocin koyarwa irin na Badun da Fatakwal suna da sashen ƙwaƙwalwa. In an yanke shawarar mayar da mutum gida, akwai a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano. A tafi da wanda ya san yadda abin ya fara, kuma yake jin Turanci ko Yarbanci, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da marar lafiya yake sha, ba ɗan sanda ba ne. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya ko bayan buguwa a kai, wannan na gaggawa ne, asibiti mafi kusa za a nufa, don zazzaɓin da ya hau kai da sanƙarau suna yin kama da hauka.

Akwai masu gudun maganin asibiti wai yana mayar da mutum gunki, jiki ya sandare, yawu na zuba, hannu na rawa. Gaskiya ne tsofaffin magungunan suna yi wa wasu haka. Amma abu ne da likita ke gyarawa, ya rage, ya canza, ko ya ƙara wani da zai saki jikin. A koma a faɗa masa, kada a zubar da maganin a dawo gidan jiya. Wanda ke mantuwa ko gardamar haɗiya, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata.

Ita ɗan baffana yake karɓa yanzu. Wani tsohon mahauci ne, abokin Baba, ya tsaya kai da fata sai da aka kwance shi aka kai shi asibiti, don shi ma ya taɓa gani a gidansa. Mako uku da fara magani ya daina amsa muryoyin. Bai koma yadda yake da ba gaba ɗaya, maganarsa ta ragu, kuma sau ɗaya ya daina zuwa allura na wata uku abin ya so ya dawo. Baba ya hana shi hawa tirela. Yanzu shi ke riƙe littafin da ake rubuta dabbobin da suka shigo da waɗanda aka sayar, kuma ranar allurarsa ni nake raka shi, mu fita bayan asuba kafin hanya ta cushe.